Ranar da Aka Miƙa Ni a Kalgo

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma duk wanda ya san gidajen Gwandu na wancan zamani ya san abin da hakan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya tambayi Inna ina yarinyar nan take, ko ya yi gyaran murya, ni kuma in gane da ni ake. Ƙannena suna hawa cinyarsa suna ja masa gemu, ni kuwa in na kai masa ruwa sai ya karɓa yana kallon bango. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, kuma tasa ta fi ta kowa ƙarfi domin kakarsa Bafillata ce, a hannunta ya tashi. Abin bai taɓa damuna ba, har sai da ya kusa raba ni da makaranta.

Ina firamare 'yar mitsitsiya ce ni, ga baki. In malami ya ba da aiki a allo, kafin ya zauna na gama, daga nan kuma sai in shiga aikin da ba a sa ni ba: in leƙa littafin wannan, in gyara wa waccan, in tambayi malam abin da ya sa wata ke bin mu in muna tafiya. A wata makarantar da bulala ce za ta yi maganina. Allah ya sa tamu tana da wani tsohon hedimasta wanda ya yi kiwo a ruga kafin a kai shi boko, kuma bai bar hankalin makiyaya a daji ba. Yakan ce bai taɓa ganin makiyayin da ya ba wani riƙon saniya ya juya ya tafi ba, sai ya tsaya ya gaya masa halinta, ko tana harbi, ko tana ɓalle wa garke, ko sai an yi mata magana take sakin nono. To in ana yi wa saniya haka, in ji shi, don me za a tura ɗan mutum aji na gaba babu bayani?

Saboda haka ya kafa wata al'ada da malamai ke kira miƙawa. In shekara ta ƙare, malamin kowane aji sai ya zauna da wanda zai gaje shi su bi yara ɗaya bayan ɗaya. Mu 'yan tsirarun da suke kira masu saurin kai, tamu miƙawar a gabanmu ake yi. Mai miƙawa zai faɗi abin da yaro ya iya, da inda ya tsaya, da abin da ke gundurarsa, da abin da yake tsoro. In ya gama ya ce ya miƙa, ɗayan ya ce ya karɓa. Daga ranar nan in yaron ya lalace an san wanda za a tambaya.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Kullum in an fita tara, malamai sukan taru a gindin dogonyaro inda masu fura ke sauke ƙwarya, suna sha suna cinikinmu. Mu muna can muna wasan gaɗa, amma kunnena yana wurinsu. Sai in ji wani yana cewa ya riga ya ba ni kaza, kada a maimaita mini, wani ya ce to shi zai ɗora daga nan. Makarantar ba ta da ɗakin karatu, ko kabad ɗin kirki babu, amma babu littafin da ke cikin garin da ba su san inda yake kwana ba. Sun san littafin taswirar duniya yana ɗakin malamar aji biyar, ƙamus yana wurin malamin Turanci, tsofaffin littattafan sakandare suna cikin akwatin hedimasta tare da rigunan sallarsa. Haka kuma suka san mutane: wane ya iya awon gona, wane ya san taurarin damina, wance ta san lissafin gado.

Da na shiga aji huɗu, wanda ya karɓe ni shi ne malamin lissafi. Daga Maruda yake zuwa kullum a kan keke, don haka muke ce masa Malamin Maruda. Dogo ne siriri, yana ɗaure ƙafar wandonsa da roba kada sarƙa ta kama, kuma in ka ga ya fara dariya shi kaɗai to tambaya mai wuya ce ke tafe. Shi ya tsara mini rana. Sunana yana rajistar aji huɗu, amma in lokacin lissafi ya yi sai in ɗauki jakata in tafi aji shida, Turanci kuma a aji biyar. Da muka iso rabe-raben lamba, bai tsaya zana mini lemo a allo ba. Ya ce akwai wadda ta fi shi, ya tura ni gidan wata tsohuwar malama a cikin gari, wadda mata ke zuwa wurinta karatu da tambayar rabon gado. Tsohuwar ta zube ƙwallayen dabino a tabarma, ta ce ga dukiyar mamaci, ga mata, ga uwa, ga 'ya'ya, in fitar da sumuni, in fitar da sudusi. In na kuskure sai ta ɗan buge mini hannu da carbi ta ce na cinye haƙƙin marayu. Washegari Malamin Maruda ya nuna mini yadda ake rubuta sumuni da lamba, ɗaya a sama takwas a ƙasa. Na yi tsalle a gaban 'yan aji shida har kallabina ya faɗi, don na ga ashe karatun tsohuwa da na boko abu ɗaya suke faɗa.

Shekarar nan ban san akwai wanda ya fi ni jin daɗin duniya ba. Malamin Maruda ya riga ya gaya wa hedimasta yana so a sa sunana cikin masu jarrabawar shiga sakandare tare da 'yan aji shida, ko da zan je ne in ga yadda take. Ni kuwa ba gani nake nufin zuwa yi ba.

Sai aka ba mu sabuwar jiha. Gari ya ɗauki murna, amma ma'aikata suka shiga kai da kawo, aka yi ta watsa su nan da can. Baba malamin gona ne, aka ce ya koma Kalgo, kuma ba a ba shi lokaci ba. Zango bai ƙare ba muka ɗaure kaya. Malamin Maruda ya tafi kwas Sakkwato, tsohon hedimasta kuma yana kwance ba lafiya, don haka babu wanda ya miƙa ni. Abin da na tafi da shi daga ofis takarda ce mai ɗauke da sunana da aji huɗu.

Kalgo ta burge ni tun ranar farko. Ga fadama shimfiɗe da shinkafa, ga kifi har a miyar safe, ga sauro kuma da ya karɓe mu hannu bibbiyu. Baba da kansa ya kai ni makaranta, yana gaba ina biye daga nesa. Hedimastan can mutum ne mai jiki, mai fara'a. Ya dubi takarda, ya dube ni daga sama har ƙasa, wanda bai ɗauke shi lokaci ba, sannan ya juya ga Baba.

"Ƙaƙa ƙoƙarinta, Malam?"

Baba ya dubi takalminsa. "To, tana dai zuwa."

"Ta iya karatu kuwa?"

"Ku ka gani. Inda dut kunka aje ta daidai na."

Ina tsaye a bakin ƙofa ina jin su. Baba fa ya san ina zuwa aji shida. Ya sha tsayawa a zaure yana saurare ina karanta wa ƙannena sunayen ƙasashe. Amma ya yabi 'yarsa ta fari a gaban baƙo, wannan ko da wuƙa a wuya ba zai yi ba. Ni kuma ba ni da bakin magana a gabansa. Hedimasta ya ji amsar nan ya fahimce ta yadda ya saba: uba ne ke rufa wa 'yarsa asiri. Cikin tausayi ya ce kada a takura mini, ga ni ƙarama, a bar ni a aji uku in ɗan ƙara ƙwari. Baba ya yi godiya. Godiya fa ya yi, har da addu'a.

A aji uku ana rera biyu sau biyu huɗu. Kwanakin farko na yi ta ɗaga hannu har malamin ya ce rawar kaina ta yi yawa, in riƙa jiran 'yan uwana. Na gaya masa a Gwandu ina zuwa aji shida, yara suka kwashe da dariya, shi ma ya yi murmushi ya ce kowane baƙo da irin labarinsa. Ban ga laifinsa ba, yara sun yi masa yawa, kuma da me zai gaskata ni? Da na nemi ƙarin aiki sai ya naɗa ni mai rubuta sunayen masu surutu. Daga nan na daina ɗaga hannu. Na koma can baya kusa da taga ina kallon awaki, malam kuma ya yaba da yadda na natsu.

Sai ciwon ciki ya fara kama ni kowace safiya, ya sake ni da hantsi, Asabar da Lahadi kuwa ba ya zuwa ko kaɗan. Rannan na gaya wa Inna ni na gaji da boko, gara in zauna in taya ta aiki. Har zuciyata nake faɗa, kuma wannan ne ya tsorata ni. Na ji 'yan aji shida suna cewa an kusa tura sunayen masu jarrabawa, na ga abin ya wuce ni, makarantar da nake gudu in je ta zama wurin da nake ƙirga awaki. Baba kuwa na daina kai masa ruwa, sai in ba ƙanwata ta kai.

Inna ma tana da tata kunyar, ba za ta je makaranta ta ce 'yarta ta fi aji uku ba. Amma mata ba sa rasa hanya. Akwai wata mai daddawa da ke cin kasuwar Gwandu, Inna ta ba ta sallahu ta gaida matar Malamin Maruda in sun haɗu, ta ce mata mun sauka lafiya, Kalgo akwai kifi, sai dai yarinyar nan ta daina son makaranta. Iyakar saƙon ke nan, a tsakiyar gaisuwa aka cusa shi.

Wata safiya ina jikin tagata sai ga motar albasa ta tsaya a bakin hanya. Wani dogon mutum ya sauko daga saman buhuna, ya karkaɗe riga, ya gyara hula. Ƙafar wandonsa ɗaure take da roba, ko da yake babu keke. Ban san lokacin da na tsallake benci ba. Na iske shi a tsakar makaranta, warin albasa yana tashi daga jikinsa kamar an buɗe rumbu, na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni ya ce na rame, ya ce in koma aji sai an kira ni, don ba wurina ya zo ba.

Ba a jima ba aka kira ni. An shimfiɗa tabarma a inuwar mangwaro, ga hedimasta, ga Malamin Maruda, ga malamar aji shida, wata mace mai tabarau wadda yara ke tsoron ko inuwarta. Na tarar Malamin Maruda yana ba su labarin al'adar makarantarmu ta Gwandu. Ya ce shi ya karɓe ni a gaban shaidu, ya dawo daga kwas ya iske an tafi da ni bai miƙa wa kowa ba, don haka har yanzu a wuyansa nake, ya zo ne ya sauke. Hedimasta ya ce to amma mahaifinta da bakinsa ya ce tana dai zuwa.

"Ɗiyar hwari ta," in ji Malamin Maruda.

Hedimasta ya dafe goshi ya yi ta dariya har tumbinsa na rawa. Ya ce wallahi da ya lura, tun da suka shigo mutumin nan bai kira sunan yarinyar ba. Ya ce shi ma da ɗansa na fari haka suke, amma bai kawo abin a ransa ba.

Ana cikin haka sai ga ƙarar babur ɗin Baba, an gaya masa ya yi baƙo daga Gwandu. Suka gaisa, suka tambayi gida da gona da ruwan Maruda. Da ya gane abin da ake shirin yi sai ya ce sarƙar babur ɗinsa tana ba shi wahala, ya ja shi gefe kaɗan, ya tsuguna ya ba mu baya. Gefen nan kuwa bai wuce inda kunne ke kaiwa ba.

Malamin Maruda ya gyara zama ya fara. Ya faɗi inda na kai a lissafi da wurin wadda na koyi rabe-rabe, ya faɗi littattafan da na riga na karanta don kada a sake ba ni su, ya ce taswira na tsaya a kan koguna. Ina jin daɗi ina kumbura, sai ya juya kan sauran. Ya ce rubutuna kamar kaza ta yi tono, ba na duba aiki in na gama, kuma in na yi kuskure sai na yi gardama kafin in yarda. Ya ce ina tsoron a tsayar da ni gaban aji in yi karatu da ƙarfi, abin da na ɗauka babu wanda ya sani.

"In kunka ga ta yi shiru, ba ladabi na ba," ya ce. "Gajiya ta yi. Wagga yarinya in tana lahiya damunku za ta yi. In ta tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba, ku hwaɗa mata wanda ya sani."

Daga nan ya tambaye su wa ke da ƙamus a Kalgo. Suka dubi juna. Malama ta ce tana da shi a gida. Hedimasta ya ce ashe, shi kuwa ya daɗe yana nema. Ya tuna malamin asibiti yana da wani babban littafi mai hotunan jikin mutum, malama ta tuna akwai tsohon da ya yi aikin awon ƙasa a bayan kasuwa, aka ambaci wani masunci da ya san lokacin cikar gulbi da janyewarsa. Kafin ka ce me sun manta da ni, suna ta tono abin da garinsu ya mallaka. Hedimasta ya ce akwai wasu yara biyu a aji biyar da yake ganin irina ne, su ma a duba lamarinsu.

Malama dai ba ta saki fuska ba. Ta ce ita ba ta karɓar abin da ba ta gwada ba. Malamin Maruda ya ce haka yake so ya ji. Ta ba ni alli da ɗan allo, ta yi mini tambayoyi, na amsa, ɗaya na yi gaggawa na kuskure, na buɗe baki zan yi gardama, sai suka fashe da dariya gaba ɗaya don ga abin da aka faɗa ya fito. Na gyara. Ta cire tabarau ta goge.

"Na miƙa," in ji Malamin Maruda.

"Na karɓa," ta ce. "Gobe ta taho aji shida. Sunanta kuma za shi shiga cikin na jarrabawa."

Na saci kallon Baba. Har yanzu bayansa muke gani, hannunsa yana kan sarƙar da babu abin da ya same ta, amma kafaɗunsa suna motsi, kuma na ga ya kai hannun riga ga fuskarsa. Da ya miƙe bai ce komai a kaina ba. Ya ce baƙo ba zai koma da yunwa ba, ya hau babur ya tafi bakin gulbi, ya dawo da wani ƙaton kifi da sai da Inna ta aro tukunya. Ya yi ta nanata wa Malam cewa kifi a Kalgo araha gare shi, ba wani abu ba ne. Ranar ni na kai wa Baba ruwa, ya karɓa yana kallon bango, na ji sanyi a raina.

Da la'asar na raka Malamin Maruda bakin hanya ya jira mota. Na tambaye shi in na sami tambaya mai wuya ko in ba mai daddawa ta kai masa. Ya ce a'a, ya riga ya miƙa ni, yanzu malama ce tawa, kuma akwai wata yarinya daga Malisa da ta zauna a gurbina tana cinye masa rai da tambaya. Kishi ya kama ni har na ji hawaye. Ya yi dariyar nan tasa ya ce in riƙa duba aikina. Mota ta zo ya hau, ban sake zama ajinsa ba.

Washegari na shiga aji shida. Malama ta ba sauran aikinsu, ni kuma ta kira ni bakin ƙofa ta nuna mini wata giginya a ƙarshen filin makaranta. Ta ce tana so in gaya mata tsawonta, ba hawa, ba sara, ba tambayar kowa a yau. Ta ba ni sanda da igiya ta koma ciki.

Na zagaya giginyar nan har na gaji. Na ɗaga kai har wuyana ya ƙage. Na jera sanda a jikinta iya inda hannuna ya kai, na ja baya na runtse ido ɗaya, na zauna a inuwarta na yi zane a ƙasa na share. Duk abin da na koya a Gwandu na zazzage, babu wanda ya hau giginyar nan. Aka tashi makaranta ban samu ba. Na je na gaya wa malama ban iya ba, ta ce to, gobe ma rana ce, in lura da abin da na zauna a cikinsa.

Da gudu na koma gida, igiya tana jan ƙasa a bayana. Inna tana tankaɗe a tsakar gida, ta ga na faɗo ina haki ina dariya, ta tambaya ko lafiya, ko cikin ne.

"Inna, an ba ni abin da ban iya ba."

Ta tsaya da rariya a hannu tana dubana, ta rasa ko jaje za ta yi mini ko barka. Na ce don Allah gobe ta tashe ni da wuri, ina so in riga kowa zuwa.